Aro da Sata a Kundin Ɗalibai

A ƙarshen kowace shekarar karatu, mu da aka ɗora wa nauyin duba aikin kwalejojin horon malamai mukan zauna da tarin kundaye a gabanmu, watau binciken da ɗaliban ajin ƙarshe suke rubutawa kafin a ba su takardar shaida. Wata shekara, a wata kwaleji da ba za mu faɗi sunanta ba, aka miƙo mana kundin wani yaro a kan tarihin rini da cinikin tufafi a birnin Kano. Aikin ya yi kyau ga ido, Hausarsa kuma ta nuna, har muka fara yi wa malaminsa barka. Muna cikin karatu sai muka kai wani shafi inda marubucin yake ba da labari da bakinsa, wai ya shiga kasuwa ya tarar wuri ne kuɗin da ake kashewa, har yana lissafin abin da fatake ke samu daga rigunan da suke kaiwa Tambutu. Yaron nan kuwa bai wuce shekara 24 ba, kuma da wuya in kakansa ma ya taɓa sayen goro da kuɗin wuri.

Ba mu sha wahala ba wajen gane mai maganar. Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, aka kuma buga littafin tafiyarsa cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858. Yaron ya ɗauki shafuffuka daga littafin ya juya su daga Turanci zuwa Hausa, ya manta bai ko sake kalmar "ni" ba. Da muka kira shi bai yi musu ba. Ya ce shi a zatonsa tun da shi ya yi wahalar fassara, ai maganar ta zama tasa, kuma tun shigarsa kwaleji ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa iyakar aro da sata. Muka dubi malaminsa, malaminsa ya dubi ƙasa. Wannan amsa ta yaron ita ce dalilin rubutunmu na yau, domin mun tabbata akwai irinsa da yawa, waɗanda ba ɓarayi ba ne a zuciya, amma hannunsu na cikin aljihun wani ba su sani ba.

Abin da magabata suka bar mana

Waɗansu ɗalibai suna tsammani ambaton madogara wata ƙa'ida ce da Turawa suka ƙaga domin su wahalar da mutane. Wanda ya san tarihin ilmi a ƙasarmu ba zai faɗi haka ba. Malaman Hadisi, irin su Imam Buhari wanda ya rasu a 870, ba su karɓar magana sai sun ji wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji, har a kai tushe. Wannan silsila ita ake kira isnadi, kuma saboda ita aka wallafa littattafai masu yawa waɗanda ba su da wani aiki sai binciken halin masu ruwaya, wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa.

A nan gida kuma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Ida'un Nusuki a 1812, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, cikinsu har da wansa Shehu Usmanu da Malam Jibrila ɗan Umaru. A shekarar nan dai Muhammadu Bello ya wallafa Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun da aka yi musaya tsakaninsu da Shehu Laminu na Barno, ya bar maganar abokin gardamarsa da sunan mai ita, ya sa amsarsu a gefe. Albarkacin haka ne masu tarihi har yau suke iya auna hujjar kowane ɓangare. Ashe almajirin da ya ce "na ji daga malamina wane" ya riga ya san rabin abin da kwaleji ke nema daga gare shi. Saura kawai a koya masa yadda ake sa shi a takarda.

Turawa ma sun daɗe da ganin munin abin. Kalmar da suke kiran satar rubutu da ita ta fito ne daga Latin, plagiarius, ma'anarta mai satar mutane. Wani mawaƙin Rum mai suna Martial, wanda ya yi zamani a ƙarni na farko, shi ya laƙaba ta ga wani da yake rera waƙoƙinsa yana cewa nasa ne. A wurinsa, wanda ya ɗauke maka waƙa daidai yake da wanda ya ɗauke maka ɗa.

Amfanin faɗin wanda ya faɗa

Hakkin mai magana shi ne dalili na farko, kuma kowa ya gane shi. Amma akwai dalili na biyu wanda ɗalibai ba su cika lura da shi ba, watau hakkin mai karatu. Bari mu ba da misali daga Kanon dai. In ɗalibi ya rubuta cewa mutanen birnin Kano 30,000 ne a ƙarni na 19, ya yi shiru, mai karatu bai san ko ƙidaya aka yi ko kintace ba ne. In kuwa ya ce Barth ne ya ƙiyasta haka a 1851, ya ƙara da cewa Clapperton, wanda ya riga shi zuwa a 1824, ya ƙiyasta tsakanin 30,000 da 40,000, to, mai karatu ya san waɗannan ƙiyasin baƙi ne masu wucewa, ya kuma san gwargwadon nauyin da zai ɗora musu.

Ga wani misalin. Sau da yawa mukan ga an rubuta a kundi cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999, kamar wani ya tsaya a wurin da kalanda. Alhali littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, yawan shekarun da kowane sarki ya yi yake bayarwa. H. R. Palmer, wanda ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, shi ya yi lissafi da baya ya fitar da waɗannan shekaru na Miladiyya. Ɗalibin da ya ce "bisa lissafin Palmer" ya faɗi gaskiya, ya kuma tsare kansa, domin in wata rana aka gano lissafin da gyara, kuskuren ba nasa ba ne. Wanda kuwa ya ɗauka ya yi shiru, ya sayi kuskuren wani da mutuncinsa.

Akawuna da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin abin da muke nufi. Tun zamanin En'e ba a amsa wasiƙar ofis sai an sa lambar wasiƙar da ake amsawa da kwanan watanta a sama, domin wanda ya gaji kujerar bayan shekara 10 ya iya bin sawu har ya kai fayil ɗin farko. Ambaton madogara a kundi shi ne wannan lamba.

Fuskokin sata

Satar rubutu ba fuska ɗaya gare ta ba. Wadda kowa ya sani ita ce a kwafe maganar wani kalma da kalma ba alamar zancen wani, ba suna. Ta biyu ita ce ta yaronmu, a fassara daga Turanci ko Larabci a ce nawa ne. Fassara aiki ce mai wuya, kuma a yaba wa mai yin ta, amma canza wa doki linzami ba ya mai da shi naka. Ta uku ta fi ɓoyuwa: ɗalibi ya ɗauki sakin layi ya musanya kalma nan, kalma can, ya mai da jimlar farko ta ƙarshe, amma tunanin da jerin hujjojin duk na wani ne. Ta huɗu ita ce a ɗauko kundin wanda ya gama shekarun baya, ko na wata kwaleji, a sake bango da sunan gari, ko kuma a biya wani ya rubuta. Akwai kuma ta biyar, wadda ƙarya ce tsagwaronta, watau a cika shafin manazarta da sunayen littattafan da ba a taɓa buɗewa ba domin kundi ya yi kwarjini.

Kada kuma a rikita wannan da dokar haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana tsare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Barth ya mutu tun 1865, saboda haka ba kotun da za ta kama wanda ya sake buga littafinsa. Amma wanda ya sa sunansa a kan maganar Barth ya yi ƙarya ga malamansa, ko da alƙali ba shi da abin cewa.

Akwai abubuwan da ba su bukatar madogara. Ba sai ka kawo littafi ba kafin ka ce Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, ko ka ce Sakkwato na yamma da Katsina. Karin magana ma dukiyar kowa ce. Ma'aunin da muke ba ɗalibanmu shi ne: in mai karatu mai hankali zai iya ɗaga kai ya ce "wa ya gaya maka?", to, ka gaya masa tun bai tambaya ba. In kana shakka, ka ambata, domin ba mu taɓa kayar da ɗalibi saboda yawan faɗin inda ya samo magana ba.

Yadda ake yi

Yawancin satar da muke kamawa ba a daren rubutu take farawa ba, tun ranar karatu take farawa. Ɗalibi ya shiga laburare ya cika littafinsa da rubutu, bai sa sunan littafin da ya kwafa ba, bai sa shafi ba. Bayan wata 3 ya buɗe, shi kansa ba ya iya rarrabe maganarsa da ta mai littafi. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, ka rubuta sunan marubuci, da shekarar bugu, da sunan littafin, da kamfanin da ya buga shi. Sa'an nan kowane abu ka ɗauka ka sa lambar shafi a gefensa. Abin da ka kwafa baki da baki ka rufe shi da alamar zancen wani nan take. Abin da ka taƙaita da kalmominka ka sa masa wata alama dabam, abin da ya faɗo maka a rai kuma ka sa masa tasa. In za ka taƙaita, ka karanta har ka gane, ka rufe littafin, ka rubuta kamar kana yi wa ƙaninka bayani, sa'an nan ka buɗe ka gwada, ka sa sunan mai shi a ƙarshe.

Tsarin rubuta madogara iri-iri ne. Akwai na Jami'ar Chicago, wanda littafin ƙa'idodinsa ya fara fitowa a 1906, masu tarihi kuma sun fi son sa domin yana ba da damar sa bayani a gindin shafi. Akwai na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda ake kira APA, wanda ya faro a 1929, kuma shi fannin ilmin koyarwa ya fi bi. A wannan tsari sunan marubuci da shekara da shafi ake sakawa cikin baka biyu a jikin rubutu, sa'an nan a jera cikakken bayani a ƙarshen kundi bisa tsarin abacada. Ka tambayi wanda kwalejinku ta zaɓa, ka bi shi daga farko har ƙarshe. Kuskuren waƙafi ko aya abin gyara ne da jan alƙalami. Rashin suna ɗungum shi ne abin da ke kai mutum gaban kwamiti.

Abu uku ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe a kansu. Na ɗaya, maganar da ka samu ta hannu na biyu. In ba ka ga littafin Clapperton da idonka ba, a littafin wani ka ga an kawo maganarsa, ka ce "kamar yadda wane ya kawo". Na biyu, hira da dattawa. Tsohon da ya zauna da kai a zaure ya ba ka tarihin garinsu madogara ne kamar kowane farfesa. Ka rubuta sunansa da yardarsa, da shekarunsa, da sana'arsa, da garin da aka yi hirar, da rana. In ya ce a sakaya sunansa, ka sakaya, ka faɗi cewa ka sakaya. Na uku, takardun ajiya, irin waɗanda ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna ko Gidan Arewa. Waɗannan lambar fayil ake bayarwa, domin da ita kaɗai wani zai iya nemo takardar. Abin da aka samo a intanet kuma a sa sunan marubucinsa da adireshin shafin. In shafi ba shi da marubuci ba shi da kwanan wata, ka yi tunani sau biyu kafin ka jingina kundinka a kansa.

Tun daga Nuwamba 2022, sa'ad da aka fito da ChatGPT, wata sabuwar ƙofa ta buɗe. Irin waɗannan na'urori suna iya rubuta babi guda cikin ƙiftawar ido, kuma sukan ƙaga sunayen littattafai da marubutan da babu su a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa mata takarda mai ɗauke da shari'o'in da na'urar ta ƙaga, ba su bincika ba. In ƙwararrun lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibi ya yi hattara. Miƙa abin da na'ura ta rubuta da sunanka daidai yake da miƙa abin da ka biya wani ya rubuta. In kwalejinku ta yarda a nemi taimakonta a wani abu, ka faɗi inda ka nema, kuma kada ka sa littafi a manazarta sai ka gan shi.

Rana ɗaya ta mai kaya

Mai ganin abin wasa ne ya dubi abin da ya sami manya a Turai. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na Karl-Theodor zu Guttenberg, ministan tsaron Jamus, bayan an gano ya kwashi maganganun mutane da yawa a kundinsa bai ambace su ba. Ran 1 ga Maris na shekarar ya ajiye aiki, alhali a lokacin yana cikin 'yan siyasar da jama'ar ƙasar suka fi so. A 2012 shugaban ƙasar Hangari, Pál Schmitt, ya sauka daga mulki saboda kundin da ya rubuta tun 1992. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirin Annette Schavan saboda kundin 1980, ita kuwa ministar ilmi ce ta Jamus, ta yi murabus cikin 'yan kwanaki. Shekara 33 kundin yana kwance a laburare yana jiran ta. Takarda ba ta mantuwa, yanzu kuma ga manhajojin kwamfuta irin su Turnitin masu gwada rubutu da ɗimbin rubuce-rubucen da aka tara, abin da dā sai malami mai yawan karatu yake kamawa.

Namu laifin

Ba za mu ɗora wa yara kaya duka ba, domin mu malamai muna da kaso. Tun daga firamare muke cika allo da rubutu mu ce a kwafa, ranar jarrabawa kuma wanda ya dawo mana da kalmominmu daidai shi muke ba maki mafi yawa. Yaro ya shekara 12 ana saka masa da alheri saboda kwafa, sa'an nan rana ɗaya a ce masa kwafa laifi ne. Ban da haka, waɗansunmu suna ba da batun bincike iri ɗaya shekara da shekaru, har tsofaffin kundaye su zama gado. Waɗansu ba su ganin aikin ɗalibi sai ran da aka ɗinke shi da bango. Akwai ma, abin kunya, malamin da zai ɗauki binciken ɗalibinsa ya buga da sunansa shi kaɗai. Wanda ya yi haka ba shi da bakin yi wa kowa faɗa.

Abin da muke roƙon 'yan'uwanmu malamai bai fi ƙarfin kowa ba. A koyar da ambaton madogara tun shekarar farko, da littafi a hannu, a sa kowane ɗalibi ya taƙaita shafi ɗaya a aji ya sa sunan mai shi. A ba da batun da ke kusa da ɗalibi, kamar makarantar garinsu ko kasuwarsu ko sana'ar gidansu, wanda ba zai same shi a dafe ba. A karɓi aiki babi babi, a nemi ganin littafin da ya yi rubutun karatunsa a ciki. A ƙarshe a zaunar da shi minti 10 a tambaye shi abin da ya rubuta, domin wanda ya yi aikinsa da kansa ba ya rasa amsa. Dalilin da ya sa muka matsa kuwa shi ne, waɗannan ɗalibai malamai za su zama. Kowannensu zai tsaya gaban aji shekara 30 ko fiye, kuma wanda ya sami takardarsa da zanen aro ba zai iya hana yaro leƙen takardar maƙwabcinsa ba.

Shi yaron da muka fara da labarinsa, kwamiti ya soke kundinsa, abokansa suka fita suka bar shi, ya ƙara shekara guda, mahaifinsa kuwa manomi ne wanda ya riga ya sa rai da albashin ɗansa. Hukuncin ya yi mana nauyi, amma ba mu ga wata hanya ba. Muka ba shi shawara ya bar batun yadda yake, ya tafi marinar Ƙofar Mata ya zauna da masu rini. Da shekara ta kewayo ya kawo kundi wanda bai kai na farko kauri ba. Barth yana ciki, da sunansa da shafinsa, a gefensa kuma ga bayanin waɗansu tsofaffin marina a kan yadda ake haɗa baba da toka, kowanne da sunansa da ranar da aka yi hira da shi. A wuri ɗaya ma yaron ya nuna inda abin da ya ji daga bakin dattawan ya saɓa da abin da ke cikin littattafai, ya faɗi wanda ya fi rinjaye a ganinsa da dalilinsa. Wannan shafi kam nasa ne, ba mai iya ƙwace masa shi, kuma duk wanda zai yi rubutu a kan rini bayansa, tilas ya ambaci sunansa.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, amin.